Agogon tashar Bolonya: 'yan dama da 'yan hagu, duk kanwar ja ce?

Sani Bolonya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya na raka wani yaronmu tashar jirgin ƙasa ta nan Bolonya, a Italiya, zai gangara kudu aikin tsinkar tumatir. Muna tsaye a waje ya ɗaga kai ya ce, "Yaya, ashe Turawa ma suna barin agogo a mace?" Agogon da ke jikin ginin ya gani, allurarsa a kan 10:25, alhali la'asar ta yi. Na ja hannunsa zuwa ɗakin jiran fasinjoji, na nuna masa wata ƙatuwar tsaga da aka bari a bango aka toshe da gilashi, da allon dutse mai jerin sunaye, kowane suna da shekarun mai shi a gefe. Mutum 85. Ƙaramarsu shekararta 3. Ranar Asabar 2 ga Agusta 1980, da ƙarfe 10:25 na safe, bam ya tashi a cikin wata jaka da aka ajiye a wannan ɗaki, lokacin da jama'a ke tafiya hutu. Sama da 200 suka jikkata. Motocin asibiti suka kasa, sai da aka riƙa kwasar gawa a motar bas ta cikin gari, mai lamba 37.

Abin da ya sa na kawo maganar: a wurin aikinmu akwai dattawa biyu 'yan ƙasar. Duk sanda ɗaya ya ce "Bolonya", sai ɗayan ya ce "To Moro fa?" Wato Aldo Moro, tsohon firaministan Italiya da 'yan bindigar hagu suka kashe. Shekara huɗu ina jin wannan musu a kan kofi. Ɗaya ya ce 'yan fasist, masu tsattsauran ra'ayin dama, su ne shaiɗanu, ɗaya ya ce 'yan gurguzu na hagu ne. Ku da kuka yi karatu, wai duk kanwar ja ce, ko akwai bambanci?

Ummi:
Wa alaikumus salam. Yaya Sani, kafin a yi nisa, a taimaka mana mu ƙanana. Mene ne dama da hagu ɗin nan? Mu dai a gida hagu ba a cin abinci da ita, kuma in aka ce mutum yana da bahagon tunani an gama zaginsa. To ai an yanke hukunci tun kafin a shiga kotu.

Hajiya Binta:
Ummi 'yata, kin ba ni dariya, amma tambayar tana kan hanya. Wurin zama ne kawai asalinsa. A majalisar Faransa a 1789, masu goyon bayan sarki suka taru a hannun daman shugaban zaman, masu son a rage masa iko suka taru a hagu. Sunan ya bi su. Yau in an ce dama ana nufin masu riƙo da tsarin da aka gada, ƙasa, al'ada, dukiyar mai dukiya. Hagu kuma masu cewa a raba arziki, a ɗaga ma'aikaci da talaka. Mafi yawansu a kowane ɓangare ƙuri'a suke jefawa su koma gida. Waɗanda Malam Sani ke magana su ne na can ƙarshen layi, waɗanda suka ce akwatin zaɓe ɓata lokaci ne suka ɗauki makami. Ba ruwan wannan da hannun cin tuwo.

Kwamared Ɗanlami:
Malam Sani, bambanci kamar tsakanin dare da rana. Ka duba inda 'yan fasist ɗin Italiya suka ajiye bama-bamansu. Disamba 1969, cikin bankin manoma a dandalin Fontana a Milan, mutum 17. Mayun 1974, taron ƙungiyoyin ƙwadago a Brescia, mutum 8. Agustan shekarar, jirgin ƙasa na Italicus, mutum 12. Sai naka na 1980. Banki, dandali, jirgi, tasha. Ba su san wa zai mutu ba, ba su damu su sani ba. Manufar ita ce a firgita jama'a har su roƙi soja ya karɓi mulki, a kuma shafa wa 'yan hagu kashin kaji. Haka aka yi kuwa a Milan: aka kama wani ma'aikacin jirgin ƙasa ɗan hagu, Giuseppe Pinelli, bayan kwana uku a hannun 'yan sanda ya faɗo daga tagar bene ya mutu. Aka tsare Pietro Valpreda shekaru, daga baya kotu ta sallame shi. Sai a 2005 kotun ƙoli ta ce aikin 'yan fasist na ƙungiyar Ordine Nuovo ne, amma mutanen da ta ambata ba za a sake gurfanar da su ba domin an taɓa wanke su.

'Yan Jar Runduna kuwa, Brigate Rosse, ban ce waliyyai ba ne, amma sun san wanda suke nema. Alƙali, shugaban kamfani, ɗan siyasa. Ba su taɓa sa bam a tasha ba.

Alhaji Garba:
"Sun san wanda suke nema." Allah Sarki. Kwamared, ranar 16 ga Maris 1978 da suka tare motar Aldo Moro a Roma, masu gadinsa biyar suka harbe a kan titi. Waɗannan biyar ɗin jari-hujja ne? 'Ya'yan talakawa ne masu cin albashi. Suka riƙe dattijon kwana 55 yana rubuta wasiƙu yana roƙo, suka harbe shi, suka cusa gawar a bayan wata jar Renault. Laifinsa? Yana ƙoƙarin jawo jam'iyyar gurguzu cikin tafiyar gwamnati. Wato mutumin da ya buɗe wa hagu ƙofa shi hagu ta kashe.

Kuma tunda kai ɗan ƙwadago ne, ka san Guido Rossa? Ma'aikacin kamfanin ƙarafa a Genoa, ɗan gurguzu, wakilin ma'aikata irinka. Ya kai ƙarar wani mai raba takardunsu a masana'anta, suka harbe shi a cikin motarsa a Janairun 1979 zai tafi aiki. Laifi tudu ne, Kwamared.

Kwamared Ɗanlami:
Kisan Rossa abin kunya ne, ban musa ba. Amma ka ƙidaya, Alhaji. Safiya ɗaya a Bolonya, 85.

Alhaji Garba:
To madalla, tunda ƙidaya kake so mu ƙidaya, ni ɗan kasuwa ne. Kambodiya, 1975 zuwa 1979, Pol Pot, mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu. Feru, ƙungiyar Sendero Luminoso ta wani malamin falsafa, Abimael Guzmán: a 1983 suka shiga ƙauyen Lucanamarca suka sassare manoma 69 da adda da gatari, har da yara. Hukumar bincike ta ƙasar ta ƙiyasta kusan mutum 69,000 suka mutu a rikicin, kusan rabi a wuyan Sendero. Ko mu dawo gida Afirka. Habasha, 1977, Mengistu ya tsaya a dandali yana fasa kwalabe masu jan ruwa kamar jini, aka shiga kashe ɗalibai, uwa ta je karɓar gawar ɗanta a ce sai ta biya kuɗin harsashi. Yana can Zimbabuwe yana shan shayi tun 1991. Ina jiran lissafinka.

Kwamared Ɗanlami:
Ka manta Hitler ne ko kana so in tuna maka? Yahudawa miliyan 6, ban da sauran. Indunusiya 1965 zuwa 1966, aƙalla rabin miliyan aka yanka da sunan farautar 'yan gurguzu. Amma na gane, mai shago uku a kasuwa dole ya ji tsoron kalmar rabon arziki.

Alhaji Garba:
Shagunan da gumina na same su, ba da taken "sai mun ga bayan azzalumai" ba. Kai da ka yi ritaya da motar ƙungiya fa?

Mai kula da zaure:
Alhaji, Kwamared, don Allah. Ku ne manyanmu a nan. A bar shago da mota a waje, a yi maganar da aka kawo. Wanda ya sake, zan goge.

Hajiya Binta:
Na gode, Malam. Ku biyun nan kun yi abin da dattawan wurin aikin Malam Sani ke yi, kowa ya ɗauko gawa ya jefi ɗan'uwansa da ita. Wannan awon ba ya ƙarewa, domin kowa yana da buhu a ɗaki.

Abu na farko, kun cuɗa abu biyu. Ƙungiyar mutum ɗari da ke ɓoye a gidan haya daban, gwamnati mai soja da kurkuku daban. Pol Pot da Hitler da Mengistu mulki suka riƙe. In tsattsauran ra'ayi ya hau kujera, kowane iri ne, kabari ake haƙawa da katafila. A nan ban ga wanda zai yi wa wani gori ba.

Inda na ga bambanci na gaske shi ne tambayar da mai bindigar yake yi kafin ya harba. Na can ƙarshen dama tambayarsa, wane ne ubanka, wace irin fata gare ka, ina kake ibada. Abin da ba za ka iya tuɓewa ba. Shi ya sa bai damu da suna ba, masallaci cike da mutane ya ishe shi, kamar Christchurch ta ƙasar New Zealand ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, mutum 51. Na can ƙarshen hagu tambayarsa, wane aiki kake yi, wa kake wa aiki. A baki wannan ya fi taƙaita, kuma Kwamared yana da gaskiya cewa a Turai sun fi zaɓen mutum ɗaiɗai. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Jerin "maƙiyan talaka" kamar roba yake. Yau mai kamfani, gobe alƙali, jibi ɗan jarida, suka harbi Indro Montanelli a ƙafafu a 1977. Gata ɗan ƙwadagon da ya ƙi yarda. Da Patrizio Peci, ɗan Jar Runduna, ya tuba ya fara ba hukuma bayani, ba su same shi ba, sai suka sace ƙaninsa Roberto a 1981 suka kashe, har suka ɗauki hoton. To wannan aikin me yake yi? Jini ɗaya ne laifinsa. Kun ga an zagayo an faɗa ramin da ake zargin wancan da shi. Ɗaliban da Mengistu ya kashe ma yawancinsu 'yan gurguzu ne, na wata ƙungiyar daban. Manoman Feru kuwa su ne ainihin talakan da aka ce ana yaƙi dominsa.

Na koyar da tarihi shekara talatin, kuma abin da ya fi ba ni tsoro a littattafan nan shi ne yawan masu digiri a ciki. Renato Curcio da matarsa Mara Cagol, cikin waɗanda suka kafa Jar Runduna, a jami'ar Trento suka haɗu. Ba jahilci ne ya kai su ba.

Abdul Hambug:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ina so in ƙara ma'auni ɗaya da ba a taɓo ba: ina hukuma take kallo? A nan Jamus an yi duka biyun.

'Yan hagu na RAF, su Baader da Meinhof, sun kashe mutum sama da 30 daga farkon shekarun 1970 zuwa farkon 1990, suka rushe kansu a 1998. Da suka sace shugaban ƙungiyar masu masana'antu Hanns Martin Schleyer a 1977, ƙasar nan tsayawa ta yi cak. Shingaye, hotunansu a kowane gidan waya, sababbin dokoki. Har yau ba a daina ba, a Fabrairun 2024 aka kama wata tsohuwarsu a Balin, ta haura shekara 60.

Yanzu ga 'yan Nazi na NSU. Mutum uku ne a ɓoye. Daga 2000 zuwa 2007 suka kashe mutum 10, takwas 'yan asalin Turkiyya, ɗaya Bagirke, sai 'yar sanda. Na farko mai sayar da furanni ne a bakin titi a Nuremberg. Ɗaya a nan Hambug aka harbe shi cikin shagon kayan miyan gidansu a 2001, ina bi ta unguwar in zan je aiki. Bindiga ɗaya aka yi amfani da ita a kisa tara. Me 'yan sanda suka yi? Suka ce rikicin ƙwaya ne ko bashi tsakanin Turkawa. Suka riƙa titsiye matan mamatan da tambayoyi. Jaridu suka raɗa wa abin suna da gasasshen naman da Turkawa ke sayarwa, kamar a kashe Bahaushe a ce "kisan tsire". Ba bincike ne ya tona su ba, fashin banki ne ya ɓaci musu a Nuwamban 2011. Kwanaki kaɗan bayan haka aka niƙe wasu fayiloli a hukumar leƙen asirin cikin gida, shugabanta ya sauka a 2012, shugabar gwamnati Merkel ta nemi gafarar iyalan.

In an taɓa mai kamfani, ƙasa ta tashi. In an taɓa mai shago baƙo, a tuhumi matarsa.

Sani Bolonya:
Abdul, kamar ka san na nan. A shari'ar Bolonya an ɗaure Valerio Fioravanti da Francesca Mambro na ƙungiyar 'yan fasist ta NAR, su kuma har yau suna cewa sun kashe wasu amma wannan ba su ba ne. Abin da ya fi ɗaure min kai, kotu ta kuma hukunta manyan jami'an leƙen asirin soja biyu, da Licio Gelli na ƙungiyar asiri ta P2, saboda karkatar da bincike. Jaka mai abin fashewa aka dasa a wani jirgin ƙasa a 1981 don a ce baƙi ne daga waje. Shari'ar ta ja har 2022 ana yanke wa wani hukunci, shekara 42. Jar Runduna kuwa cikin 'yan shekaru Janar Dalla Chiesa ya karya musu baya, da dokar sassauta wa wanda ya tuba ya tona.

Kwamared Ɗanlami:
Ba janar kaɗai ba. Ma'aikata ne suka tsame hannunsu. Jana'izar Rossa dubban ɗaruruwa suka fito cikin ruwan sama, har shugaban ƙasa Pertini. Daga ranar goyon bayansu a masana'anta ya fara rushewa. Jam'iyyar gurguzu ta Berlinguer ma ita ce kan gaba wajen cewa kada a yi ciniki da su a kan Moro. Mu muka kori namu mahaukatan. Ina jiran ranar da ɗaya ɓangaren zai yi haka.

Alhaji Garba:
Wannan kam na ba ka. Amma Habasha ba ka amsa ba.

Ummi:
To Yaya Sani da Yaya Abdul, ku da kuke zaune can, tsakani da Allah wanne kuke tsoro in kun fita?

Abdul Hambug:
Ƙanwata, ba sai na yi tunani ba. 'Yan hagun yau a nan motoci suke ƙonawa, su yi jifa da 'yan sanda, na ga ɓarnar da suka yi a garin nan lokacin taron G20 a 2017, har shagunan ƙananan mutane aka fasa. Wasunsu suna farautar 'yan Nazi su karya musu ƙashi da guduma, an ɗaure wasu a kan haka. Ban yaba ba. Amma ba ni suke nema ba. A Hanau, Fabrairun 2020, mutum tara aka harbe a wuraren shan shisha, duk masu asalin baƙi. Akwai daren da na dawo daga wani gari a gabas, samari huɗu masu aski tal suka shigo taragon, ɗaya ya zauna daf da ni yana buga ƙafa a kujerata yana kukan biri. Tasha shida ina kallon takalmina ina karanta duk addu'ar da na iya. Ba wanda ya ce uffan.

Sani Bolonya:
Ni ranar 3 ga Fabrairu 2018 ba zan manta ba. Asabar ce, mai ɗakina ta shirya za ta kasuwa, sai waya ta fara shigowa: wani yana yawo da mota a Macerata yana harbin duk baƙar fatar da ya gani. Mutum shida ya harba, akwai 'yan Najeriya, Gana, Gambiya, Mali. Da ya gama ya yafa tutar Italiya ya ɗaga hannu irin gaisuwar fasist. Luca Traini, shekara 12 aka ba shi. Garin yana da nisa da mu, amma na karɓe jakar daga hannunta na ce yau taliya da manja za mu ci. Kwana uku yaran ba su je makaranta ba.

Alhaji Garba:
Allah ya tsare ku, Malam Sani. Amma a faɗi duka. Ba wata yarinya Baturiya aka kashe aka daddatsa a garin kwanaki kaɗan kafin nan ba? Kuma ɗan Najeriya kotu ta samu da laifin. Mu ma muna jawo wa kanmu.

Sani Bolonya:
Haka ne, Alhaji, an yi, kuma yana can ɗaurin rai da rai, ya je ya gamu da Allah. Amma shidan nan ba su san shi ba. Wasu suna kan hanya ne, wata tana jiran mota. Ni ma da ina wurin, da har da ni. Abin da Hajiya ta faɗa ke nan, ba a tambaye su me suka yi ba.

Ummi:
Mama Hajiya, to 'yan Boko Haram dama ne ko hagu?

Hajiya Binta:
Mudun wata kasuwa ne, 'yata, ba kowane hatsi yake aunawa ba. In kin matsa, ƙin zamani da son mayar da kowa ƙarƙashin doka guda ya fi kama da can ƙarshen dama, amma sun ja yara da maganar zaluncin masu mulki, wadda hagu ke yi. Ki bar su da sunansu.

Mahamadu Damagaram:
Salamu alaikum, ina biye tun safe ban sa baki ba. Kuna ta tafiya Turai da Feru, mu nan Nijar mun ɗanɗana. Sawaba ta Djibo Bakary, jam'iyyar talakawa da 'yan ƙwadago, mai alamar raƙumi. Sun ce a'a ga De Gaulle na Faransa a ƙuri'ar 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, suka faɗi, aka haramta su a 1959. Sai shugabannin da ke gudun hijira suka tura samari koyon yaƙi, wasu har Sin, wasu Aljeriya. Ƙarshen 1964 suka shigo ta iyakoki da bindigogi, suna zaton ƙasa za ta tashi ta bi su. Ba ta tashi ba. Cikin makonni aka kame su, wasu aka harbe su a gaban jama'a. A 1965 wani ya jefa wa shugaban ƙasa Diori Hamani gurneti a filin Idin babbar Salla a Yamai. Diori ya tsira, waɗanda ke kusa abin ya samu.

Kwamared, ka ce hagu ta san wanda take nema. Gurneti a sahun Idi ya san wa? Alhaji, kai ma kada ka yi murna, domin abin da ya biyo baya kamun kan mai uwa da wabi ne. Kakana tela ne, bai taɓa riƙe ko wuƙar yanka ba sai almakashi. Katin jam'iyya kawai gare shi tun zamanin zaɓe. Jandarmomi suka zo da dare, ya yi shekaru a kaso, ya fito ba haƙori ko ɗaya a gaba, keken ɗinkinsa an sayar an ci abinci.

Kwamared Ɗanlami:
Allah ya jiƙansa. Mahaifina ma ya sha ɗauri saboda NEPU, amma su ba su ɗauki bindiga ba. A kan filin Idi ba ni da ta cewa.

Alhaji Garba:
Amin. Ni ma na yi shiru a nan. Habasha dai tana nan, Kwamared, ko gobe ne.

Ummi:
Yaya Mahamadu, da katin suka kama shi?

Mahamadu Damagaram:
A'a, maƙwabci ne ya kai sunansa, wani da suka yi faɗa a kan iyakar gona. Katin ba su taɓa ganinsa ba. Kakata ta naɗe shi a tsumma ta tura cikin bangon rumbu ta shafe da laka. Sai da rumbun ya rushe a wata damina, ina yaro, muka tsince shi. Gara ta cinye sunan, saura wuyan raƙumin da ƙafa biyu. Yana cikin akwatin babata, in na je gida zan ɗauko muku hoto.